Bugun Zafi a Filin Ƙwallo: Nazarin Abin da Ya Sami Wani Yaro a Katsina

Lamarin ya faru ne a wani filin makaranta da ke cikin birnin Katsina, a tsakiyar Afrilun 2024, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah. Yaro ne ɗan shekara 15, ɗan wasan tsakiya a wata ƙungiyar unguwa, ya yanke jiki ya faɗi ana cikin wasa, sakamakon bugun zafi, wato zafin cikin jiki ya yi yawa har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Allah ya yi da sauran kwanansa, kuma yanzu yana taka leda kamar da. An sakaya sunansa da na ƙungiyarsa da na masu shirya gasar, domin kurakuran da aka tafka ranar irin waɗanda ake yi ne a kowane fili, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri.

Kafin ranar wasa

Azumin shekarar ya kama daga 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu, wato ya faɗo cikin ƙuryar bazara. Kamar yadda aka saba, ƙungiyar ta jingine atisayen yamma. Yaran kan haɗu bayan sallar asham su ɗan taɓa ƙwallo a hasken fitilar titi, rabin awa ko fiye, kowa ya watse. Da rana kuwa kwanciya ce a zaure ko a gindin bedi. Wata guda cur babu wanda ya yi gudu cikin rana.

Mu Katsinawa mukan ce ai cikin rana aka haife mu, zafi ba baƙonmu ba ne. Gaskiya ne ga mai zaune a shago, amma mai gudu lissafinsa daban. Jikin da ke motsa jini cikin zafi kullum yakan sauya a hankali: zufa ta riƙa fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke bin ta ya ragu, ruwan da ke cikin jini ya ƙaru, zuciya ta rage wahala. Wannan sabo yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14, kuma in aka yi makonni ba a fita rana ba sai ya zube. Yaran nan sun fito daga azumi ba tare da shi ba, kuma gasar ta soma ba a yi mako da Sallah ba.

Ƙungiyoyi sun yi yawa, fili ɗaya ne, babu fitilu, ana kuma son a gama kafin a koma makaranta. Sai masu shirya gasar suka raba wasa biyu a rana: ɗaya da ƙarfe 2:30, ɗaya bayan La'asar. Ƙuri'a ta jefa ƙungiyar yaron a na farko.

Akwai kuma abin da koci bai sani ba. Kwana uku kafin wasan yaron ya yi fama da gudawa da zazzaɓi. An saya masa magani a kemis, ya ɗan ji dama, ya ja bakinsa ya yi shiru, saboda ana ta raɗe-raɗin cewa wani mai neman 'yan wasa zai zo kallo. Ranar wasan kunu kawai ya sha da safe. Zazzaɓi da gudawa suna cikin manyan abubuwan da ke sa bugun zafi ya kama mutumin da a da yake jure rana, domin sukan bar jiki a tsotse, ga ma'aunin zafinsa bai gama daidaita ba.

Sai batun ruwa. Ƙungiyar ta zo da jaka ɗaya ta ruwan leda, wato ƙulli 20, kowane rabin lita. Lita 10 ke nan ga yara 18 da koci. Ɗan ƙwallon da ke gudu cikin irin wannan zafi yakan zubar da zufa lita 1 zuwa 2 a awa guda. Ko 'yan 11 ɗin da ke cikin fili kaɗai aka ba ruwan, bai kai lita ɗaya-ɗaya ba.

Ranar wasa

A Afrilu zafin Katsina kan haura digiri 40 da rana, kuma tsakanin ƙarfe 2 da 4 yake kai ƙololuwa. Fatar mutum tana wajen digiri 35. Muddin iska ta fi fata zafi, to ta daina ɗauke zafin jiki, ƙara masa ma take yi. Ga rana a ka, ga yashin fili na turiri ta ƙasa. A ciki kuma tsoka na hura tata wutar, don kuwa daga ƙarfin da take ƙonawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke zama motsi, sauran zafi ne. Ƙofa ɗaya ta rage wa jiki, ita ce zufa ta fito ta bushe. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ita ma ƙofar sai ta soma rufewa.

Alamar farko ta zo tun kafin hutun rabin lokaci: tsokar sharaɓarsa ta ɗaure, ya zauna, aka miƙar masa da ƙafa, ya tashi. Da aka fito hutu ya zagaya bayan bishiya ya yi amai. Ya dawo ya ce, "Koci, kaina ke sara." Koci ya miƙa masa ƙullin ruwa ɗaya ya ce, "Daure mana, saura rabi. Kai ne ke riƙe mana tsakiya."

A wannan gaɓa abin da ke damunsa galabaitar zafi ce: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, zufa sharkaf, amma hankali na nan daram. Maganinta ba wuya. A kai yaro inuwa, a cire masa riga da safa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a jiƙa shi, a ba shi ruwa da kaɗan-kaɗan, kuma wasansa na ranar ya ƙare. Da an yi haka da labarin ya tsaya nan.

An dawo da kamar minti 15 sai ya soma abin da ya ba 'yan kallo dariya. Ya karɓi ƙwallo ya juya ya nufi ragarsu. Ya ba alƙalin wasa fasin. Da aka busa masa laifi sai ya taso wa alƙalin da ashar, yaron da a unguwa ko kallon ido ba ya yi wa babba. Aka ɗaga masa katin gargaɗi. Koci na daga gefe yana kwarara ihu. Bayan 'yan mintoci ya soma tangaɗi, ya durƙusa, ya kife.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Alamar da ke raba galabaita da bugun zafi ba faɗuwa ba ce, sauyin hali ne. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce kan fara nunawa: ruɗewa, faɗa ba dalili, surutai, magana a harɗe, tafiya kamar ta mashayi. Katin gargaɗin nan an ɗaga shi ne ga mara lafiya, kuma daga cikin manya fiye da goma da ke bakin fili babu wanda ya gane.

A gindin bedi

Nan da nan aka yi masa zobe, iskar ma ta daina isa gare shi. Wani ya ce iska ce ta taɓa shi, wani dattijo ya durƙusa yana yi masa karatu a kunne. Wani ya ce farfaɗiya ce, a nemo cokali. Wani ya fasa ruwan leda zai ɗura masa a baki. Yayan yaron ya ruga titi ya tsayar da Napep.

Cikin 'yan kallo akwai wani ma'aikacin jinya da ya zo ganin wasan ƙanensa. Abu na farko da ya duba shi ne numfashi da bugun jini. Dalili kuwa, ba kowace faɗuwa a fili ce ta zafi ba. Samuel Okwaraji da ya faɗi a filin wasa na Surulere a 1989, ana wasa da Angola, zuciya ce ta kashe shi. Wanda ya faɗi ba ya numfashi danna ƙirji yake bukata nan take. Wannan yaron yana numfashi sama-sama da sauri, zuciyarsa na dukan uku-uku, idanu a buɗe amma bai san inda yake ba. Ƙirjinsa zafi rau, kuma jiƙe da zufa. Mutane da yawa sun ɗauka sai fata ta bushe ƙayau ake kiran abu bugun zafi. Hakan ya fi faruwa ga tsofaffi da marasa lafiya da zafi ya ritsa da su a ɗaki. Ɗan wasa sau da yawa yana cikin zufarsa abin ke kayar da shi.

Ma'aikacin jinyar ya hana ɗura ruwan, domin wanda hankalinsa ya gushe zai iya shaƙewa. Ya hana cokalin. Ya sa aka ɗauke shi zuwa inuwa aka tuɓe masa riga, takalmi, safa da kariyar ƙwauri. Ga dattijon kuma ya ce, "Baba, ci gaba da addu'a, mu kuma bari mu zuba ruwa."

Ya hango mai ruwa na tura kura a bakin titi, ya ce a kira shi da jarkokinsa duka. Aka kwance tamfol ɗin rumfar manyan baƙi aka shimfiɗa, aka kwantar da yaron a tsakiya, mutum shida suka kama gefe-gefe suka ɗaga har ya yi kwarmi. Aka riƙa tuttula jarkoki har ruwa ya kai masa ƙirji, mutum ɗaya na tallafe da kansa. Ruwan jarka da ya wuni a rana ɗumi ne da shi, don haka aka bi masu sayar da zoɓo da kunun aya aka kwashe ƙanƙarar da ke cikin kulolinsu, aka fasa aka watsa. Masu riƙe da tamfol suka dinga jijjiga shi don ruwan ya riƙa kewayawa, wasu yara biyu na fifita da kwali.

Yayan ya dawo ya ga ƙanensa cikin ruwan ƙanƙara, hankalinsa ya tashi. "Malam, don Allah ka bari mu tafi da shi asibiti. Ruwan sanyi a jiki mai zafi ai shanye mashi jiki zai yi."

"Ɗan'uwa, asibitin za mu," in ji ma'aikacin jinyar, "amma sai zafin nan ya sauka. In ka sa shi a Napep haka, zafin na ci gaba da cin jikinshi har ku isa, har a yanki kati."

Tsoron yayan tsoro ne da kusan kowa ya taso da shi, amma a bugun zafi ba shi da tushe. Abin da ke lalata ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda shi ne tsawon lokacin da jiki ya ɗauka a saman digiri 40. Likitocin wasanni sun tsaya a kan cewa a sauko da zafin zuwa wajen digiri 39 cikin minti 30 na farko, kuma wanda aka yi wa haka da wuya ya mutu. Tsoma mutum cikin ruwa mai sanyi ƙwarai yakan rage kusan digiri ɗaya duk minti 5, babu wata dabara da ta kamo ta sauri. Sa ƙanƙara a hammata da wuya kawai, ko shafa jiƙaƙƙen tsumma, yana taimakawa amma da nawa. Ƙa'idar a sanyaya tukuna sannan a ɗauka ta yi ƙarfi ne a Amurka bayan mutuwar Korey Stringer, ɗan wasan ƙwallon Amurka da bugun zafi ya kashe a sansanin atisaye a 2001. Cibiyar da aka buɗe da sunansa a Jami'ar Connecticut a 2010 ita ce kan gaba wajen yaɗa ta. Su can bahon ƙanƙara suke ajiyewa a bakin fili, tamfol kuma dabara ce da aka amince da ita inda babu bahon.

Babu ma'aunin zafi a filin, kuma ko da akwai irin na goshi ko na hammata, ba abin dogaro ba ne ga wanda ya gama gudu cikin rana, yakan nuna ƙasa da gaskiya. Na dubura ne ke faɗin zafin ciki. Inda babu shi, agogo da halin mara lafiya ake bi. Bayan kamar minti 15 yaron ya soma bin mutane da ido. Aka kira sunansa ya amsa. Ya tambayi ko an tashi wasa. Da ya fara rawar sanyi aka fitar da shi, aka lulluɓa masa jiƙaƙƙen zane, sannan aka sa shi a Napep.

A asibiti

Ko da aka auna shi zafinsa ya sauko ƙasa da 39. Likita bai tsaya ga labarin fili kaɗai ba, domin a bazara zazzaɓi mai haɗe da ruɗewa yana iya zama sanƙarau ko maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa. Aka duba, ba su ba ne. An kuma duba rukunin jininsa na gado, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila, kuma mai AS yana da ƙarin hatsarin faɗuwa in aka haɗa gudu mai tsanani da zafi da ƙarancin ruwa. Nasa AA ne.

Yayan ya nemi a ba shi farasitamol, aka ce a'a. A zazzaɓin cuta, ƙwaƙwalwa ce ke ɗaga ma'aunin jiki da kanta, farasitamol kuma ya sauko da shi. A bugun zafi ma'aunin bai motsa ba, zafi ne ya fi ƙarfin jiki, don haka maganin ba ya aiki, sai dai ya ƙara wa hantar da ta riga ta jigata nauyi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac su kuma ƙoda suke taɓawa.

Da dare fitsarinsa ya fito launin shayi ba madara. Alama ce ta tsoka ta farfashe, abin da ke cikinta ya bi jini ya nufi ƙoda. Aka ci gaba da ƙarin ruwa ana auna fitsarin. Gwajin hanta ya hau a rana ta biyu, kamar yadda ya saba a wannan ciwo, daga baya ya soma sauka. Wannan ne dalilin da ya sa ba a mayar da yaro gida don kawai ya farfaɗo a fili yana magana. An sallame shi kafin mako ya cika, da sharaɗin ba gudu ba ƙwallo na aƙalla mako guda, sai an sake gwajin jini, sannan ya dawo a hankali cikin makonni 2 zuwa 4, yana farawa da sassarfa da sanyin safiya.

Inda aka yi sake

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa koci komai, kuma yana da nasa kason: yaron da ya yi amai ya ce kansa na sara bai kamata ya koma fili ba, ko da wasan ƙarshe ne. Sai dai kocin unguwa mutum ne da ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa alamomin nan. Da ya je gaida yaron, uban ya ce masa, "Malam, ni ma na san bai da lafiya, na bar shi ya fita." Koci ya ce, "Baba, da na sani ko benci ba zai zauna ba." Kowa na riƙe da rabin labari.

Babban saken yana kan takardar jadawali. Wasan ƙarfe 2:30 a Afrilun Katsina, ga yara, mako guda bayan azumi, ko ƙwararru ba za a yi wa haka ba. FIFA kan ba da hutun shan iska idan ma'aunin da ke haɗa zafi da damshin iska da ƙarfin rana ya kai 32, kuma an fara ganin haka a gasar cin kofin duniya a wasan Holan da Meziko a Barazil a 2014. Gasar Ƙatar ta 2022 ma ɗungurungum aka ɗage ta zuwa Nuwamba da Disamba saboda zafi. Dokokin ƙwallo sun ba alƙalin wasa damar tsayar da wasa na daƙiƙa 90 zuwa minti 3 don 'yan wasa su huce. Alƙalin ranar bai yi amfani da ita ba, babu kuma wanda ya nema.

Game da shan ruwa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da ƙiyasi a 2011: ɗan shekara 9 zuwa 12 ya sha mililita 100 zuwa 250 duk minti 20, matashi kuma har lita 1 zuwa 1.5 a awa. Da ma'aunin da muka sani, matashi na bukatar ƙullin ruwan leda 2 zuwa 3 a awa guda. Ta kuma ce a bar aƙalla awa 2 tsakanin wasa da wasa a rana ɗaya. Amma kada a ɗauka ruwa ne maganin komai. Yaron da ya sha ya ƙoshi ma bugun zafi na iya kama shi in gudun ya fi ƙarfin abin da jikinsa ke iya fitarwa, musamman a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, lokacin da hadari ke haɗuwa, iska ta yi nauyi, zufa ta riƙa zuba ba ta bushewa. Ɗirkar ruwa fiye da kima shi ma yana da nasa hatsarin, yakan tsinka gishirin jini.

Abin da aka canza

An dakatar da gasar kwana biyu. Da aka dawo an soke wasan 2:30, aka mai da shi ƙarfe 7 na safe, na yamma kuma ba ya farawa sai 4:45. Aka sa hutun minti 3 a tsakiyar kowane rabi. Kowace ƙungiya sai ta nuna jaka uku ta ruwa kafin a busa, da ruwan gishiri da sukari ga mai bukata, ko na fakiti ko na haɗin gida: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Aka ajiye duro cike da ruwa da tamfol a inuwa, aka yi magana da mai ruwa ya riƙa tsayawa kusa har a tashi. Alƙalan wasa aka ce musu duk yaron da ya soma abin da ba halinsa ba, a fitar da shi a tambaye shi sunan unguwarsu da yawan ƙwallayen da aka ci, in ya kasa sai tamfol. Kocin yaron kuma ya ɗauki ɗabi'ar tambayar yaransa ɗaya bayan ɗaya kafin wasa: wa ya yi zazzaɓi ko gudawa a makon nan, wa ke shan maganin mura, wane launi fitsarinka na safe? Da farko dariya suke yi.

Ba duka aka daidaita ba. Wasan safe yana karo da Islamiyya da aiken gida, 'yan kallo ba sa zuwa, masu sayar da zoɓo sun koka. Ƙanƙara tana tsada a bazara saboda rashin wuta, kuma har aka gama gasar ba a tsayar da wanda zai riƙa biyan kuɗinta ba. Shawarar a ba yara kwana 10 na atisaye mai hawa a hankali kafin a buɗe gasar bayan Sallah ita ce ta fi shan suka, don masu shiryawa sun ce hutun makaranta ba zai jira ba. Azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka gasar bayan Sallah za ta ƙara faɗowa cikin Maris da Afrilu na wasu 'yan shekaru. An ajiye maganar sai zama na gaba.